Dami Guda a Watan Marka

Bodinga da Shagari suna kan hanyar mota wadda ta fita daga Sakkwato ta nufi Jega. Yawancin mutanen can manoma ne, gero kuwa shi ne abincinsu. Ruwa yakan kankama wajen watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Abin da aka samu cikin watannin nan huɗu shi zai ci da gida shekara guda.

To, mai karatu, je ka roƙi maigida dami guda da kaka. Zai ba ka, watakila ma ya ce kada ka biya. Amma koma wurinsa a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero kuma bai nuna ba. Sai ka ji ya ce bari ya yi shawara. Mutumin nan bai sāke ba, kada mu yi saurin kiransa marowaci. Kwanaki yake ƙirgawa. Bai sani ba ko ruwa zai kai ƙarshe, bai kuma sani ba ko gonarka za ta yi abin da za ka biya shi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san akan yi alkawari da zuciya ɗaya, kaka ta zo hannu wofi.

Mata sun daɗe da gane wannan a wajen adashi. A ce su goma ne, kowace tana zuba kuɗi ran kasuwa. Wadda ta fara kwasa, rance ta ci daga tara. Ta ƙarshe kuwa mako tara tana ba da nata, ba takarda, ba jingina, ga farashin kaya yana hawa. Shi ya sa uwar adashi takan sa baƙuwa can baya, sai an ga kamun ludayinta. In ta cika zubi zagaye ɗaya, a na gaba a matso da ita.

A ganina masu neman rancen hatsi sun fi mata kuskure a nan. Sukan ce, "Sai Allah ya hore." Gaskiya ne, amma maganar ba ta da rana, mai rumbu kuwa rana yake so ya ji. Wanda ya nemi tiya biyar maimakon dami, ya zo da shaida, ya ce zai mayar ranar da ya yanke geronsa na fari, da wuya ya koma gida da kwarya wofi.