Yankari: Tsakanin masu yawon buɗe ido, giwaye da manoma

Da zarar sanyi ya shigo, hotunan Yankari kan cika Facebook da TikTok: ɗalibai na ninƙaya a Wikki, wasu na leƙen giwaye daga motar rangadi. Abin da hotunan ba sa nunawa shi ne ɗawainiyar da ake yi don dajin ya ci gaba da zama daji.

Gandun dajin yana Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A cikinsa akwai ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya, ga ɓauna, gwanki, dorina da ’yan zakunan da suka yi saura.

Rayuwar dajin ta dogara ne ga Kogin Gaji. Idan rani ya yi tsanani, tafkuna suka ƙafe, nan dabbobi ke taruwa shan ruwa. Shi ya sa baƙi suka fi ganinsu a lokacin. To amma a daidai wannan lokaci ne makiyaya ke neman ruwa da ciyawa, mafarauta kuma sun san inda nama yake. Shanu idan suka shiga sukan cinye abincin namun daji, cuta ma na iya yaɗuwa tsakaninsu. Ga kuma gobarar daji: wutar da aka cinna a tsakiyar rani, ciyawa ta bushe ƙayau, takan ƙone har da ƙananan itatuwa.

Masu gadin daji ne ke fama da duk wannan. Sukan kwana a daji suna sintiri, wani lokaci su yi arba da mafarauta masu bindiga. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da gwamnatin jihar wajen tsaron dajin, har an sanya wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya don a san inda garke ya nufa.

Sanin inda giwa ta nufa yana da muhimmanci, domin Yankari ba shi da shinge. Da damina giwaye kan fita su afka wa gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Manomin da aka tattake masa dawa a dare ɗaya, wallahi da wuya ka ce masa giwa dukiyar ƙasa ce ya saurare ka. Muddin mutanen ƙauyukan nan ba sa ganin amfanin dajin ta hanyar aikin yi, tallafi ko diyyar ɓarna, to sintiri kaɗai ba zai wadatar ba.

Mu kuma baƙi fa? Dajin na bukatarmu, don kuɗin shiga da na masauki na cikin abin da ke riƙe shi. Sai dai zuwan namu ma yana da nasa nauyin. Ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa wajen digiri 31 duk shekara, yana gangarawa ne zuwa Gaji. Ledar ruwa, robar lemo da sabulun da muka bari a can, dabba ce za ta gamu da su a gaba. Biran da ke sansanin Wikki kuwa sun saba da abincin mutane har sun koma fizge jaka a hannun baƙi, kuma masu miƙa musu biskit don ɗaukar hoto ne suka koya musu. Haka ma kiɗa da ihu a motar rangadi: dabbobi su watse, wanda ya biya kuɗi bayanka ya dawo bai ga komai ba.

Saboda haka, idan ajinku ko ƙungiyarku na shirin zuwa Yankari bana, ku tafi da buhun kwashe shara, ku bar lasifika a gida, kada ku ciyar da biri, kuma kada kowa ya sauka daga mota sai jagora ya ba da izini. Wanda aka yi wa tallan naman daji a hanya ya haƙura, domin kowane mai saye yana ƙara wa mafarauci ƙarfin komawa.