Idan Rayuwa Ta Fara Raba Ƙawaye: Yadda Ƙungiya Za Ta Riƙe 'Ya'yanta

Yawancin ƙungiyoyin ajiya da rance ƙawaye ne da maƙwabta suke kafa su. A Ajingi, Toranke, Balare, Gafasa ko Kunkurawa, in kika tambayi mata yadda suka haɗu, za ki ji cewa tare suka yi makarantar allo, ko unguwa ɗaya aka kawo su aure, ko sun daɗe suna yi wa juna biki. Wannan sanayya ita ce jarin farko na ƙungiya, domin ba wadda za ta zuba kuɗinta a akwati ɗaya da wadda ba ta yarda da ita ba.

To amma bayan shekara biyu ko uku sai a ga tabarma ta fara yin fili. Wance ta tare a Gaya, wance mijinta ya ɗauke ta sun koma Kano, wance tana takaba. Sai waɗanda suka rage su fara cewa, "Anya tafiyar nan za ta ɗore kuwa?" Wannan damuwa gaskiya ce, kuma gara a yi maganarta a fili tun akwati bai girgiza ba.

Tsarin ya san da wannan tun asali

Irin wannan ƙungiya a ƙasar Hausa aka fara ta. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma aiki da matan karkara a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, aka sa wa tsarin suna Mata Masu Dubara. Daga adashin da iyayenmu suka saba aka ɗauko shi, aka ƙara masa akwati mai kwaɗo uku, da rance, da asusun taimakon juna. Daga Maradi ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta.

Abin lura shi ne ana tafiyar da shi zango-zango. Kowane zango wata 9 ne zuwa 12, a ƙarshensa a yi rabo, kowa ta karɓi nata. Ranar rabo ƙofa a buɗe take: mai son fita ta fita da mutuncinta, mai son shiga ta shigo in an amince da ita. Saboda haka fitar mamba ba rushewar ƙungiya ba ce. Abin da ke rusa ƙungiya shi ne a bar mace ta sulale shiru, ba wanda ya tambaye ta dalili, ba a kuma san matsayin kuɗinta ba.

Abubuwan da ke nesanta mu

Aure da ƙaura. Yarinya ta yi aure a wani gari, ko aure ya mutu mace ta koma gidan iyayenta. Ko tana so, zuwa zama kowane mako ya zama sai da kuɗin mashin da izinin maigida.

Jego da takaba. Wankan jego kwana 40 ne, wato zama kusan 6 ke nan za su wuce ta, in ma haihuwar fari ce ta je gida, ya fi haka. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, zama 18 zuwa 19. In ba a shirya ba, kafin ta fito ta riga ta zama baƙuwa a cikin ƙawayenta.

Damina da rani. Da damina aiki ya yi yawa, kuɗi kuma ya yi ƙaranci har sai kaka. Da rani maza sun tafi cirani, gida ya rage a wuyan mace ita kaɗai.

Bambancin samu. Wata sana'arta ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta karɓu, kullum kaso 5 take zubawa. Wata kuma kaso 1 ma da ƙyar. Ba wanda ya gaya mata magana, amma ita da kanta take jin nauyi, sai ta fara fashi.

Bashi. Wannan ya fi kowanne cin zumunci. Mace ta karɓi rance, akuyar da ta saya ta mutu, lokacin biya ya zo ba ta da shi. Kunya ta hana ta zuwa zama, sauran kuma su ɗauka gudu take yi. Daga nan sai ƙananan maganganu, har a daina gaisawa a gidan suna.

Alamun da shugaba za ta lura da su

Mamba ta yi fashi sau 3 a jere ba saƙo. Ko tana aiko da kuɗi amma ita ba ta zuwa, alhali tana gari. Ko mai yawan raha ta koma zama a bakin ƙofa, da an rufe akwati ta tashi. Ko mutum uku huɗu su ware suna ƙus-ƙus bayan zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da za mu yi

1. A rubuta dokar uzuri tun farkon zango. Jego, takaba, jinya da rasuwa ba a cin tara a kansu. In an yanke haka tun ba a san wa abin zai faɗa wa ba, ba mai cewa an yi son kai.

2. A yarda da wakilci. Wadda ba za ta iya zuwa ba ta aiko da littafinta da kuɗinta ta hannun mamba ɗaya da ta zaɓa. A ƙirga a gaban kowa, a buga mata hatimi kamar tana nan. Wadda ke nesa, a Wudil ko Dutse ko Kano, tana iya turowa ta wurin mai POS, wakiliyarta ta ciro ta kawo tare da rasit. Ladan mai POS a kan mai turowa yake. Kada kuɗi ya shiga littafi sai ya shiga akwati.

3. Rance kuwa sai mace ta zo da ƙafarta. Ajiya ana iya aikowa, amma bashi amana ce da ake ɗauka ido da ido. Kuma kada a wuce ninki uku na abin da ta ajiye, ko da aminiyar shugaba ce.

4. Kada a ɗaga kuɗin kaso a tsakiyar zango. A sa shi daidai ƙarfin wadda ta fi kowa rauni. Dokar kaso 1 zuwa 5 an yi ta ne domin mai hali ta ajiye da yawa ba tare da ta tsere wa 'yar uwarta ba.

5. Wadda bashi ya yi wa nauyi, a tura mata mutum biyu, ɗaya babba ɗaya sa'arta. Su fara da gaisuwa, ba da lissafi ba: "Yaya, mun ga shiru kwana biyu, muka ce bari mu zo mu duba ki. Lafiya dai ko?" In ta faɗi abin da ya faru, a kawo wa ƙungiya, a tsara mata biya kaɗan-kaɗan, a rubuta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. In asara ce ta gobara ko ciwo, asusun taimakon juna don irin wannan ranar aka tara shi.

In tafiyar ta zama dole

Wani lokacin ba makawa sai mace ta fita kafin rabo. A yi mata lissafi a gaban kowa. Misali, kaso ɗaya ₦200 ne, ta yi mako 30 tana zuba kaso 3. Kaso 90 ke nan, wato ₦18,000. Ana bin ta ragowar rance ₦5,000. Abin da za ta karɓa shi ne ₦13,000. Ko za ta samu wani abu daga ribar zango, wannan sai abin da dokarku ta ce, shi ya sa ake rubuta shi tun farko. Kuɗin asusun taimakon juna ba a mayarwa, domin gudummawa ce.

In mai riƙe makulli ce ko ma'aji ko marubuciya, a zaɓi wata a wannan zaman, ta miƙa abin da ke hannunta kafin ta tafi. Sannan a yi mata addu'a, a yafi juna. Mace da ta iya ƙirga kaso da rubuta littafi, in ta je sabon gari tana iya tara mata 15 zuwa 25 su kafa tasu. Kun ga ke nan ƙungiyarku ta haihu.

Zumunci ya fi akwati faɗi

Zumunta a ƙafa take. Wadda ta bar ƙungiya ba ta bar ƙawance ba. A gaya mata ranar rabo ta zo a ci tuwo tare. In ta haihu a je barka, in an yi mata rasuwa a je gaisuwa, ko da mutum biyu ne za a haɗa wa kuɗin mota su wakilci sauran. Mai waya ta riƙa kiranta ranar zama, a miƙa wayar hannu zuwa hannu kowa ta ce mata sannu. Kuma a kowane zama a ware ɗan lokaci kafin a buɗe akwati, a tambayi lafiyar gida da yara. Inda ba a haɗuwa sai don kuɗi, ranar da kuɗi ya yi wuya ba mai zuwa.

Sababbin shiga ma a ja su a jiki. Kada tsofaffi su riƙa cewa "mu da muka kafa". Amaryar da aka kawo unguwa bana ita ma ta baro ƙawayenta a wani gari, tana neman inda za ta zauna.

Tambayoyin tattaunawa

1. Su wa muka fara da su da yanzu ba sa zuwa? Mun san dalilin kowace?
2. Me dokarmu ta ce game da jego, takaba da ƙaura? An rubuta, ko a baki kawai yake?
3. Kuɗin kasonmu, kowa tana iya biya har da damina?
4. Wa za mu ziyarta kafin zama mai zuwa, kuma su wa za su je?

Marubuciya ta rubuta sunayen masu zuwa ziyarar a littafi. A zama na gaba, kafin a buɗe akwati, su ne za su fara magana.