Ayari da Zango: Al'adun Doguwar Tafiya a Ƙasa a Yankin Maraɗi

Kafin mota ta zama abin hawan kowa, mutanen kwarin Gulbin Maraɗi, wato Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri da mazauna garuruwan bakin gulbi irin su Jiratawa da Madarumfa, da kwana suke auna nisan wuri, domin abin da matafiyi yake son ya sani shi ne sau nawa zai sauke kaya ya kwanta kafin ya isa inda ya nufa. Dalilan da suke raba mutum da gida na kwanaki ko watanni sanannu ne: akwai neman ilmi, akwai cin rani bayan an kawar da amfanin gona, akwai kuma aikin hajji, wanda masu ƙaramin ƙarfi suke takawa da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tsayawa su yi ƙwadago a hanya, wani lokaci su shafe shekaru ba su dawo ba. Amma a cikin dukan tafiye-tafiyen nan fatauci, wato kai haja ƙasa mai nisa a sayar a sayo wata, shi ne ya fi tsari da dokoki.

Tushen wannan tsari shi ne ba a shiga daji mutum ɗaya, kuma tarihin yankin ya bayyana dalili. Zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu wajen 1807 su ne suka kafa mulki a Maraɗi a zamanin sarkinsu Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka zauna a Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma tun daga nan gaba ba ta yanke ba tsakaninsu da daular Sakkwato har zuwan Turawa. Ƙasar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta koma daji mai hatsari, har ma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya tashi daga Tasawa ya bi ta Gazawa zuwa Katsina a watan Janairun 1851, tare da ayarin gishiri na Abzinawa ya ƙetare ta. Gaskiyar da ba ta ɓoyuwa ita ce mahayan Maraɗi da na Gobir suna cikin waɗanda fataken Kano suke tsoro, kamar yadda mutanen gulbi su ma suke tsoron harin da yake zuwa daga kudu. Saboda haka matafiya suke haɗuwa su zama ayari, wato taron fatake da dabbobinsu masu tafiya tare a ƙarƙashin shugaba ɗaya.

Ana tashi ne bayan kaka, lokacin da ruwa ya ɗauke, gulabe suka janye, hatsi kuma ya wadata a ƙauyukan da za a ratsa. Malami ne yake zaɓar ranar sa'a, a yi sadaka, a ɗinka layu, sannan falke ya zaga iyaye da dangi yana neman gafara, domin wanda zai yi wata shida ko shekara a hanya bai san ko zai tarar da kowa ba. Mata su suke haɗa guzuri, kuma abin da ba ya lalacewa da wuri ake zaɓa, kamar garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi da daddawa da kuka, tare da gora ko salka, wato jakar fata ta zuba ruwa. Ranar tashi 'yan uwa suna yin rakiya har bayan gari, inda tsoho zai dafa kan ɗansa ya ce Allah ya kiyaye hanya, a sauka lafiya, ɗan kuma ya durƙusa ya amsa da amin, Baba.

Shugaban ayari shi ne madugu, wanda ake yi wa kirari da uban tafiya, kuma ba a ba mutum wannan matsayi sai ya san hanya da rijiyoyinta da halin sarakunan da za a bi ta ƙasarsu. Shi yake yanke lokacin tashi da wurin kwana, shi yake raba gardama, shi kuma yake tara kuɗin gaisuwar sarakai da na fito, wato ladan ƙetare kogi, ya kasa su gwargwadon yawan kayan kowane falke. Jagaba yana gaba yana duba hanya, ana barin masu makamai a baya don kada a tsinci wanda ya gaji, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da lissafi da jan salla. A tsakiya jakuna suke, an ɗaura musu akumari an ɗora mangala ko taiki, tare da 'yan alaro, wato masu ɗaukar kaya a ka don lada, kowanne da gammonsa da sandarsa. Dokar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ba a wuce wanda jakinsa ya kayar da kaya, domin ayarin da ya rabu biyu ya zama abincin mahara. Wannan doka ta cancanci a jinjina mata, ganin cewa mutanen da gasar kasuwa take jiransu a gaba sun yarda su riƙe juna har a isa.

Tun asuba ake ɗaura kaya, a yi ta tafiya da sanyin safiya, a riƙa tsayawa a loko, wato wurin ɗan hutu inda ɗan alaro yake jingina kayansa a reshen itace ba tare da ya sauke ƙasa ba, don kada ya nemi mai ɗora masa. Kafin rana ta yi tsanani an isa zango, wurin da ayari yake kwana a gefen gari kusa da ruwa, inda ake yin bukkoki, a kai dabbobi kiwo, matan gari kuma su fito da fura da tuwo na sayarwa. A manyan garuruwa falke yana sauka gidan fatoma, wato mai masaukin baƙi da yake ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Zangunan da suka daɗe sun zama unguwanni, shi ya sa har yau ake kiran unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara da wannan suna.

Hanyar fatauci mafi ɗaukaka ita ce ta Gwanja, inda ake kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi kasuwar Salaga a sayo goron ƙasar Asante. Dawowa ta fi tafiya wuya, domin goro ba ya son zafi, dole a riƙa kwance huhu, wato ƙunshin goro a cikin ganye, ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci. Wanda ya dawo kuwa ba ya shiga gida hannu sake, sai ya raba tsaraba ga dangi da maƙwabta da malamin da ya yi masa addu'a.

Yaƙin basasar Salaga na 1892, da iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, su suka karya manyan ayarori, daga baya cinikin gyaɗa da manyan motoci suka buɗe wa 'yan kasuwar Maraɗi wata hanyar arziki, wadda ta haifar da alhazan birnin.  Duk da haka, a ƙasar Maraɗi har yanzu bukata tana sa mutum ya taka: makiyaya suna kora dabbobi arewa da damina su gangaro kudu da rani, almajirai suna bin malaminsu daga gari zuwa gari, manoman rani na Jiratawa kuma suna yin sammako da amalanke don kai kayan lambu kasuwar Maraɗi.