Burduddugi da Amfaninsa ga Jama'a

Burduddugi babban kwaɗon ruwa ne da ke zaune a koguna da ƙoramun ƙasar nan. Mutanen Limawa, cikin Jimeta, sun saba da kukansa daga bakin Kogin Binuwai. Masana suna kiransa Hoplobatrachus occipitalis. Idanunsa na bisa kai, fatarsa santsi gare ta, mace kuma ta fi namiji girma.

Da rani yakan fake a ramukan da kogi ya bar wa ruwa. Da zarar damina ta faɗi, sai ya fita da dare zuwa sababbin kududdufai, inda mace ke zuba ƙwai. Talibambam da ke fitowa mafarauci ne, har tsutsar sauro yana ci. In ya girma sai ya koma cin fara da sauran ƙwari.

Abu biyu ke rage shi: yawan kamu don busarwa a kai kasuwa, da maganin feshi da ke gangarawa cikin ruwa. Saboda haka ana roƙon jama'a su daina kama shi a farkon damina, lokacin haihuwarsa. Manoma kuma kada su wanke kayan feshi a rafi.