Zullumi, Hawan Jini da Tafiyar Ƙafa a Ƙasar Rake

Manomin tumatir a Ikara da ya kai kaya kasuwa ya tarar farashi ya karye, ya san yadda jiki ke amsa mugun labari: ƙirji na dukan uku-uku, baki ya bushe, gumi na tsattsafowa alhali yana zaune. Haka mai rake a Makarfi da dillali ya riƙe wa kuɗi. Waɗanda suka ga shekarar 2016, lokacin da tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, ba su manta da wannan faɗuwar gaba ba.

Mu kan ce abin a rai yake, amma jini ma yana ɗaukar rabonsa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai ta aika saƙo ga wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin adiranalin. Zuciya ta ƙara sauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, awon jini ya hau. Tun a 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana cewa wannan shiri ne na faɗa ko gudu. To amma bashi da kuɗin taki ba a guje musu da ƙafa. Mutum yana kan tabarma, jikinsa ya yi shirin gudun da ba zai yi ba, gobe ma haka. A 2004, binciken INTERHEART da aka gudanar a ƙasashe 52 ya sanya damuwa cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da bugun zuciya.

Nan ne motsa jiki ke shigowa, kuma aikinsa ya wuce ƙona kitse. Idan mutum ya yi tafiya da sauri, jini na gogar fatar cikin jijiyoyi, ita kuma ta saki wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Gano aikin wannan iska ne ya kai masana uku ga lambar Nobel a 1998. Wannan buɗewar jijiyoyi ce ke sa bayan an gama tafiyar, awon jini kan sauka ya zauna ƙasa na wasu sa'o'i. A 2006, Mark Hamer da abokan aikinsa a Landan sun tattara gwaje-gwajen da aka yi ta sa mutane lissafi cikin gaggawa ko jawabi gaban jama'a, suka ga cewa wanda ya motsa jiki kafin gwajin, jininsa bai kai hawan wanda ya zauna ba. Wanda kuwa ya mai da abin ɗabi'a, zuciyarsa kan rage sauri a lokacin hutu, ta kuma yi saurin komawa daidai bayan wahala. Damuwar tana nan, ɓarnarta ce ke raguwa.

Na san amsar da za a ba ni daga Kudan zuwa Hunkuyi: "Mu da muke noma, wane motsa jiki kuma?" Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a duba yadda rayuwa ta sauya. Gonar da iyayenmu ke zuwa a ƙafa ko a keke, yau a babur ake zuwanta, har masallacin unguwa wani sai ya tayar da mashin. Mai shago yana wuni a zaune, haka ma'aikacin sakatariya. Abin da ya fi damuna shi ne iyayenmu mata, waɗanda ke haɗiye damuwar gida duka, kuma ba kasafai ake tuna su a wannan magana ba. Ko aikin ƙarfin ma, masu bincike a Denmak sun nuna cewa wuni ana ɗaukar nauyi babu hutu ba ya amfanar zuciya kamar tafiya mai tsari da hutu a bayanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ma'aunin saurin kuwa: numfashi ya ɗan ɗaga, amma kana iya hira. Zagayen tsakar gida bayan sallar asuba ma yana cikin lissafi.

Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90, ko yake jin ciwon ƙirji in ya yi sauri, ya fara da ganin ma'aikacin lafiya, kuma kada mai shan maganin hawan jini ya ajiye shi don ya soma tafiya. Ɗalibanmu na kiwon lafiya a Makarfi, ku riƙa fitowa da na'urar awo ranar kasuwa. Magidanta kuma, a ba mata dama da lokaci su taka, a kuma kai su awo.