Shari'ar Zumunci a Ƙasar Nabaho

Mutumin ƙabilar Nabaho, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar Amurka, idan zai gabatar da kansa, dangi huɗu yake ambata: na uwarsa da farko, domin ta wajen uwa suke bin asali, sai na uba, sai na kakanninsa maza biyu. Babbar suka a wurinsu ita ce a ce mutum yana abu kamar ba shi da 'yan'uwa. A kan wannan aka gina shari'arsu.

Gwamnatin Amurka ta kafa musu kotuna irin nata a 1892. Sai a 1959 suka karɓi ragama da kansu, a 1982 kuma alƙalansu suka dawo da zaman sulhu irin na kaka da kakanni.

Wannan zama shi ne abin sha'awa. Da addu'a ake buɗewa. Babu lauya, babu mai yanke hukunci, sai dattijo ko dattijuwar da unguwa ta yarda da kaifin bakinsa, wanda suke kira naat'áanii. Wanda aka zalunta ya zo da danginsa, mai laifi ma haka, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, har da kuka. Mai laifi yakan iya yi wa alƙali ƙarya, amma gaban gwaggonsa da ta san shi tun yana goye, ina! Dattijon ya jawo labaran farkon duniya ya yi nasiha da su. Daga nan a daidaita kan diyya, nályééh: kuɗi, tumaki, ko kayan ado na azurfa, gwargwadon abin da zai wanke zukata, dangi kuma su tsaya wa mai laifin.

Akwai masu ganin bai dace a kai rikicin dukan mata wannan zama ba, don kada dangi su matsa wa mace ta haƙura. Damuwarsu tana kan hanya, domin sulhun dole ba sulhu ba ne.

Har kotun ƙolinsu da zumunci take aiki. A 1999 ta ce tana da hurumin shari'ar Russell Means, ɗan ƙabilar Lakota, tana kafa hujja da cewa surukinsu ne, ya auri 'yarsu. A 2002 majalisarsu ta rubuta dokokin asali na gargajiya cikin kundinta.

Abin takaici, hannunsu a ɗaure yake. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1978, kotunan ƙabilu ba su da cikakken ikon hukunta baƙon da ba ɗan asalin ƙasa ba, ko da a tsakar gidansu ya yi ɓarnar.