Gardamar Masu Sha'awar Sinima A Kan Fim Ɗin "The Abyss"

Tun shekarar 1989 da aka fara nuna fim ɗin "The Abyss", wanda James Cameron ya shirya a ƙasar Amurka, masu sha'awar sinima ba su daina gardama a kansa ba. Labari ne na wasu ma'aikatan haƙar man fetur da ke zaune a wata tasha ƙarƙashin teku, a zurfin da ya haura mita 500. An neme su da su taimaki sojan ruwa wajen binciken wani jirgin yaƙi da ya nutse, sai suka gamu da wasu halittu da ba na duniyarmu ba. Halittun nan kowa ya san ƙirƙira ce. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne sauran abubuwan da aka nuna: wanne ne ilimi ya tabbatar, wanne ne kuskure?

Abin da ƴan kallo suka fi ƙaryatawa shi ne wurin da aka tsunduma ɓera cikin wani ruwa, ya ci gaba da numfashi. To, wannan gaskiya ne, ba dabarar hoto ba ce. Ruwan na musamman ne, mai riƙe iskar oksijan da yawa. Tun 1966 masana biyu, Leland Clark da Frank Gollan, suka nuna cewa ɓeraye na iya rayuwa cikin irinsa. Amma da aka zo kan mutum sai fim ya wuce ilimi. Ed Harris, wanda ya fito a matsayin shugaban ma'aikatan, bai shaƙi ruwan ba, riƙe numfashi ya yi. Ruwan ya fi iska nauyi ƙwarai, ƙirjin mutum ba ya jure turawa da jawo shi na dogon lokaci.

Kurakuran da masana nutso suka fi ambata kuwa, yawancin ƴan kallo ba su ko lura da su ba. Na farko murya. Masu aiki a irin wannan zurfi suna shaƙar iskar heliyom haɗe da oksijan, muryarsu kuma takan ƙanƙance har sai da na'ura ake fahimtar maganarsu. A fim ɗin kowa na magana garau. Masu kare Cameron suka ce da ya bi gaskiya, da wurin kuka ya zama wurin dariya.

Na biyu ya fi muhimmanci, domin batu ne na rai. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da yake shaƙa takan narke cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta zama kumfa a jijiya, ta jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Shi ya sa ake rage wa masu nutso matsi sannu a hankali, kusan kwana ɗaya ga kowace mita 30. Mutanen fim ɗin ya kamata su yi fiye da mako biyu, amma cikin ƙanƙanen lokaci aka fito da su lafiya lau, aka ce halittun ne suka yi musu wani abu. Wasu sun karɓi wannan uzuri, wasu sun ce mai labari ne ya rasa mafita.

Haka nan cutar jijiyoyi da ta kama hafsan soja. Akwai ta, tana kawo makyarkyata da jiri, amma ana ganin an kambama ta da aka mai da ita hauka mai sa kisa. Game da zurfin tashar kuwa ba a yi ƙari ba: a 1988 masu nutso na kamfanin Comex na Faransa sun kai mita 534 a tekun Bahar Rum.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto a 1990. Cameron kuma, a watan Maris na 2012, ya nutsa shi kaɗai cikin ƙaramin jirgi zuwa kusan mita 11,000 a tekun Pasifik. Ke nan ba rashin sanin teku ya sa ya kauce ba, labari ne ya buƙaci haka. Amfanin gardamar shi ne mai kallo ya bambance wurin da aka gaya masa gaskiya da wurin da aka yi masa tatsuniya, musamman inda kuskuren zai iya cin rai.